Raha a Can, Doka a Nan

A ƙarshen watan Janairun 2016, ana tsakiyar hunturu, na yi ƴan kwanaki a Magarya wurin dangin mahaifiyata. Wata rana da daddare muna zaune a fadar samarin unguwa, butar shayi na kan garwashi, sai wani yaro da bai daɗe da dawowa daga cirani a Kano ba ya ɗaga wayarsa ya ce a saurara. Wai gwamnatin Eritiriya ta kafa doka: kowane namiji sai ya auri mata aƙalla biyu, wanda ya ƙi a ɗaure shi, matar da ta hana mijinta ƙarin aure ita ma gidan kaso. Har da hoton wata takarda da aka ce daga wurin babban muftin ƙasar ta fito. Aka yi ta shewa, wasu na tambayar ta ina ake bi a je can.

Washegari da hantsi matar maƙwabcinmu ta aiko a kira ni, don ta ji an ce na yi boko. Na same ta a bakin zaure da tsintsiya a hannu. Ta ce, “Malam, don Allah in tambaye ka. Dokar nan da ake faɗi, an ce in aka gama zaɓe har Nijar za ta zo. Da gaske ne?” Lokacin saura makonni kaɗan a yi zaɓen shugaban ƙasa na 21 ga Fabrairu. Babu alamar dariya a fuskarta. Cikin dare ɗaya labarin ya tsallake katanga, ya samu ƙarin ƙafa, ya shiga ɗakin matar aure ya hana ta barci.

Asalin labarin shafin barkwanci ne. Jaridar The Standard ta Kenya tana da wani sashe mai suna Crazy Monday da aka sani da zolaya da gulmar gari, can aka buga shi. Daga Nairobi ya bazu zuwa Najeriya da Afirka ta Kudu da sauran ƙasashe, jaridun intanet suka ɗauka kamar labarin gaske, sai da ministan watsa labaran Eritiriya, Yemane Gebremeskel, ya fito ya ƙaryata. Abin da ya sa ya zauna a kunne shi ne an jingina shi da abin da ya faru da gaske: yaƙin da ƙasar ta yi da Habasha daga 1998 zuwa 2000, wanda ya ci dubban maza. A watan Mayun 2019 aka sake yi wa wannan labari sabuwar riga, aka ce Sarki Mswati na Eswatini ne ya ba da umarnin, ita ma gwamnatin can ta musanta. Har yau yakan farfaɗo a wayoyin mutane, kamar ciyawar da ta ji ruwan farko.

Ba na cikin masu cewa mutanenmu ba su san wasa ba. Da wuya a samu al'ummar da ta tsara raha kamar tamu. Babarbare ya haɗu da Bafillace a kasuwa ya kira shi bawansa, a yi dariya a rabu. Bagobiri da Bazabarme haka. Taubashi ya ƙwace hular taubashinsa ranar cika-ciki, jika ta ce wa kakanta mijinta ne. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan taubasantaka na Nijar cikin jerin al'adun da duniya ke tinƙaho da su. Cikin azumi yara na tashe, suna kwaikwayon malami da sarki da mai kuɗi da tuzuru, babu wanda yake ɗaukar yaron da ya liƙa gemun auduga a matsayin limamin gari. Amma duba yadda aka yi wa kowane wasa shinge. Ana ganin fuskar mai yi. An san dangantakar da ta ba shi izini. An san lokacinsa: tashe ba ya wuce watan azumi, tatsuniya ba a yin ta da rana. Ita tatsuniyar ma tana da ƙofar shiga da ta fita. Da an ce “ga ta nan, ga ta nanku” yaro ya san an bar duniyar gaske, da an ce “ƙurunƙus” ya san an dawo. Bahaushe bai taɓa sakin ƙarya ta yi yawo ba tare da ya ɗaura mata ƙararrawa a wuya ba.

Ita ma rahar jarida tana da ƙararrawarta, sai dai a jikin takardar take: sunan shafin, zanen da ke gefe, ranar da aka buga, da irin lafazin da mai karatu na can ya saba da shi. Ɗan Yamai da ya sayi Le Canard Déchaîné ya san abin da ya saya, haka ɗan Abijan mai karanta Gbich!, haka ɗan Konakiri mai karanta Le Lynx. Wanda ya yi lakwal ya san ran 1 ga Afrilu Faransawa na yin abin da suke kira kifin Afrilu, jaridu su buga ƙarya guda don a yi dariya. Manomi a Malawa ko Dogo-Dogo bai yi wannan yarjejeniya da kowa ba. A wurinsa farkon Afrilu bazara ce, rumbu ya fara nuna ƙasa, tiyar gero na hawa, ana lissafin iri da kuɗin taki.

Kafin labari irin wannan ya iso gare mu sau uku ake tuɓe shi. Da fari wani ya ɗauki hoton kanun labarin, ya yanke sunan jaridar da kwanan wata. Sannan wani ya juya shi daga Faransanci ko Turanci zuwa Hausa, kuma raha ita ce abu na farko da ke mutuwa a hanyar fassara. Abin da aka rubuta da ƙyafta ido sai ya fito da murtukakkiyar fuska. Daga nan wani ya danna wayarsa ya karanta shi da murya a WhatsApp, ya fara da sallama da salati, ya ce “jama'a, sanarwa ce daga gwamnati”, ya rufe da “don Allah a tura wa ƴan'uwa”. Wanda ya karɓa a ƙauye muryar ɗan'uwansa ya ji, ko ta malamin garinsu da ya tura masa da kyakkyawar niyya. A ƙasar da waɗanda ke iya karatun boko cikin manya ba su kai rabi ba, masu jin Faransanci kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba, wannan murya ita ce jarida.

Kada wani ɗan boko ya ɗaga hanci, domin manyan masu karatu ma sun sha faɗawa. A watan Satumban 2012 kamfanin dillancin labaran Fars na Iran ya kwafi wani labarin jaridar barkwanci ta Amurka, The Onion, wanda ya ce fararen fatar karkarar Amurka sun fi son Ahmadinejad a kan Obama. Daga baya ya nemi afuwa. Bayan wata biyu shafin intanet na People's Daily, jaridar jam'iyya mai mulkin Sin, ya ɗauki wani labarin The Onion ɗin game da kyawun Kim Jong-un, ya haɗa masa hotuna 55. A Fabrairun 2014 tsohuwar ministar Faransa Christine Boutin ta kafa hujja a tashar BFMTV da wata magana da ta ɗauka ta gwamnati ce kan dokar iyali, alhali Le Gorafi ce ta ƙirƙira, jaridar da sunanta ma juya harufan Le Figaro aka yi. Kowannensu ya gaskata ne don labarin ya dace da abin da zuciyarsa ta riga ta karkata gare shi. Bambancin shi ne ministar kunya kaɗai ta ji. Namu mutanen da dukiyarsu suke biya.

Nan ne nake so in tsaya, domin ina ganin nan ne masu wayar da kai ke kuskure. Sukan zo da nasiha cewa kada a yarda da labarin da hankali ba zai ɗauka ba. To wane labari ne hankalin mutumin bakin iyaka ba zai ɗauka ba? Magarya na da nisan kilomita kamar 90 daga birnin Damagaram, amma iyakar Najeriya ta Tinkim na nan kusa, daga can sai Babban Mutum da Ɓaɓura. Dungas, wadda aka cire daga Magarya aka ba ta matsayin gunduma a 2011, tana kallon Maigatari, inda babbar kasuwar dabbobi ke ci kowace Alhamis. A ƙidayar 2012 gundumomin biyu sun haura mutum 900,000. Waɗannan mutane gwamnati biyu ke juya rayuwarsu, kuɗi biyu ne a aljihunsu, kuma ba a taɓa shawartarsu ba kafin a yanke hukunci a Yamai ko Abuja.

A watan Afrilun 1984 aka wayi gari Janar Buhari ya sauya launin naira, ya rufe iyakoki, ya ba da ƴan kwanaki a canza. Iyakar ba ta buɗe ba sai 1986, kuma ta haɗu da fari, shi ya sa har yau tsofaffi a ƙasar Hausa ta Nijar ke kiran yunwar wancan lokaci El-Buhari. A ran 12 ga Janairun 1994, zamanin Mahamane Ousmane, aka kwana sefa 50 na sayen faran ɗaya na Faransa, aka tashi sai da 100. A watan Agustan 2019 Najeriya ta sake rufe iyaka ba tare da gargaɗi ba, har zuwa Disamban 2020, a tsakani kuma ta hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ran 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban Najeriya Tinubu ya faɗi jimla ɗaya a jawabin rantsuwa cewa tallafin mai ya tafi, kafin mako ya zagayo ƴan ruwa-ruwa a Damagaram sun ji a jikinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar sai takunkumin CEDEAO, aka rufe iyaka aka yanke wuta, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. A Oktoban 2024 Yamai ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba na ƙawancen Sahel ba. A Mayun 2025, saura kamar wata guda Babbar Sallah, ta hana fitar da dabbobi. Wanne cikin waɗannan ne, da an faɗa wa mutum ana gobe za a yi shi, ba zai ce wasa ake ba? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Mutumin da ya ga wannan duka, in ya ji an ce gobe za a hana kaza, ya yi maza ya sayar, hankali ya yi amfani da shi. A iya abin da rayuwa ta koya masa, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Canjin kuɗin 2022 ya fi kowanne nuna wannan. Ran 26 ga Oktoba gwamnan Babban Bankin Najeriya, Godwin Emefiele, ya ce za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin su daina aiki ran 31 ga Janairun 2023. Aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Ran 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu har ƙarshen shekara, daga baya ma aka cire wa'adin ɗungurungum. Cikin shekara guda da ɗoriya gaskiya ta sauya fuska sau huɗu, kowace sauyawa kuma da ƙaryar da ke bin bayanta, wata da gangan, wata da sunan zolaya. Ina da wata gwaggo a wani ƙauye kudu da Dungas mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Duk cinikinta da naira ne, ba ta da asusun banki a ko'ina, ajiyarta gwangwanin madara ne a ƙarƙashin gado. Da jikanta ya kunna mata wata murya da ke cewa daga jibi duk wanda aka kama da tsohon kuɗi za a ƙwace a kuma ci shi tara, sai ta ƙulle abin da ta tara na shekara biyu a bakin zane ta nufi kasuwa. Mai canji ya zabge mata kaso mai tsoka, ta karɓa tana godiya. Bayan ƴan makonni takardun da ta rabu da su suna nan suna yawo a hannun jama'a. Da na je gaishe ta ba ta zagi kowa ba. Ta buɗe gwangwanin ta nuna mini, ta ce, “Ɗana, ni wa zan tambaya?”

Wannan tambaya ta fi ƙarfin duk wata lacca da na taɓa ji kan labaran ƙarya. Ana cewa ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. A kasuwar bakin iyaka tana ƴaƴa, sai dai wani ne ke tsinka. Duk jita-jitar da ta shafi kuɗi ko hatsi ko dabba, akwai wanda ya san ƙarya ce kuma shi ne ke saye a ranar. Ba dole ne shi ya ƙirƙira ba. Ya isa ya yi shiru, ko ya ce “haka mu ma muka ji”. Shi ya sa hankalina ke tashi duk lokacin da na ga hotunan takardun kuɗin ƙawancen Sahel da ake ta yaɗawa tun bayan da shugaban Nijar Janar Tiani ya yi maganar samun kuɗin kai a hirarsa ta Fabrairun 2024. Wasu matasa ne ke zana su a kwamfuta, wani don sha'awa da kishin ƙasa, wani don neman mabiya, alhali ba wani banki da ya buga su. Ga mai zanen abin nishaɗi ne. Ga wanda ya sayar da buhunan riɗi ya adana jikkunansa na sefa a rami, tambaya ce ta ko ya kwana da dukiya ko ya tashi da takardar banza.

Hukumar Nijar ta amsa da sanda. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri ga mai yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiya. A 2022 aka cire ɗauri kan zagi da ɓata suna, a watan Yunin 2024 aka maido da shi, aka sa shekara 2 zuwa 5 ga mai yaɗa abin da zai tada hankalin jama'a. Na fahimci damuwar, ƙasa na cikin yaƙi, kuma ƙarya na iya kashe mutum. Ba mu manta da Agustan 2014 ba, lokacin da saƙon wanka da shan ruwan gishiri don kauce wa Ebola ya ratsa Najeriya cikin dare ɗaya, ya kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Amma wa wannan sanda za ta samu? Wanda ya rubuta rahar yana Nairobi ko Paris ko Legas. Wanda ya yanke sunan jaridar ba a san shi ba. Wanda ake iya kamawa shi ne na ƙarshe a layi, ɗan kabu-kabun da ya tura wa ƙaninsa don kada a cuce shi. Kuma tsoro na da wata illa: yana sa wanda ya san gaskiya ya kama bakinsa. Malamin lakwal ko ma'aikacin duwan da zai iya cewa a rukunin garinsu “wannan ba haka ba ne, ga yadda dokar take” sai ya ga da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

A daidai wannan lokaci kuma wuraren da mutane suka saba zuwa tantance magana suna ta raguwa. An dakatar da RFI a Nijar a Agustan 2023. An dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024, bisa zargin yaɗa labarin da gwamnati ta ce ƙarya ne. Muryar Amurka kuwa gwamnatin ƙasarta ce ta rufe mata baki a Maris ɗin 2025. Kowa na da ra'ayinsa kan waɗannan tashoshi, ni ma ina da ƙorafina a kansu. Sai dai na taso na ga kakana, in aka kawo masa labari daga kasuwa, yakan ce a bari sai an ji a rediyon dare. Wannan jinkiri na ƴan sa'o'i shi ne shingen da ke tsakanin jita-jita da asara. In an cire shi, sai an kafa wani a gurbinsa.

Kuma kafa shi bai fi ƙarfin hukuma ba. Kundin mulkin da Nijar ta ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Shi kansa shugaban ƙasa in ya yi hira da Hausa, kafin gari ya waye an ji shi har Kano da Katsina. Me zai hana duk wata doka da ta shafi aljihun talaka ta fito da Hausa a ranar da ta fito da Faransanci, da murya, daga bakin da aka sani? A faɗi abin da aka hana, da ranar da zai fara, da ranar da zai ƙare, da abin da bai shafa ba. Da aka rage kuɗin litar mai daga sefa 540 zuwa 499 a Yulin 2024, ba a samu ruɗani ba, domin kowa ya ga farashin a jikin famfo. Dokar hatsi da ta dabbobi ba su da famfo, a shingen hanya mutum ke sanin su, bayan ya riga ya biya kuɗin mota. Ga Muryar Sahel, ga gidajen rediyon al'umma da ke ɗaukar shirye-shiryen Studio Kalangou, ga masu shela da har yanzu ke zagaya kasuwa da lasifika, ga sarakunan gargajiya da masu gari waɗanda maganarsu ke da nauyi. A ware kwatan awa guda a kowace ranar kasuwa, a ce ga abin da aka ji a wannan mako, wannan gaskiya ne, wannan wasa ne daga jarida kaza, wannan kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Limamai ma na da rabonsu, tunda aya ta 6 ta Suratul Hujurat kan bin diddigin labari ta sauka, kuma hadisi ya yi kashedi mai tsanani ga mai shirga ƙarya don ya ba mutane dariya.

Ga marubutan barkwanci, ba na neman su ajiye alƙalami. Ƙasar da ba a iya zolayar masu mulki a cikinta ta yi rashin abin da ko fadar sarakunan da ba ta rasa ba, tunda wawan sarki na faɗin abin da waziri ba ya iyawa. Abin da nake roƙo shi ne su san cewa shafinsu ba shi ne zangon ƙarshe na abin da suka rubuta ba. Alamar wasa ta kasance a cikin jimlar kanta da kan hoton kansa, inda almakashi ba zai raba su ba. Kuma akwai abubuwan da ba a yi musu sanarwar bogi da hatimin hukuma: kuɗi, iyaka, magani, farashin abinci. Taubashi na ƙwace hula, amma ba ya zuwa ya ce maka rumbunka ya kama wuta.

Wata Laraba da yamma, ana saura kwanaki Sallar layya ta 2025, na tarar da wani dattijo a tashar Dungas da raguna huɗu da ya yi wata shida yana turke. A wayar ɗansa akwai murya biyu. Ɗaya na cewa an ɗage dokar hana fitar da dabbobi, a wuce Maigatari gobe ba fargaba. Ɗayar na cewa duk wanda aka kama za a ƙwace dabbobin har da motar. Ya sa aka kunna masa kowace sau biyu, ya tambayi direba, direba ya ce shi ma abin da ya ji ke nan. Wani dillali na tsaye gefe ya riga ya yi tayi, kuɗin da bai kai abin da dattijon ya kashe a dusa da harawa ba. Har aka kira magariba yana riƙe da igiyar, bai ɗora su a mota ba, bai kuma ce wa dillalin ya tafi ba.